Kafet ɗin Banɗakin Verna

Verna Tackett ta faɗi a banɗakinta da safiyar wata Laraba, ƙashin kwatangwalonta ya karye. Tsohuwa ce mai neman shekara tamanin, ita kaɗai take zaune a gidan tun rasuwar mijinta Hershel, daga ita sai wani tsohon kare da ake kira Biskit. Aka yi mata aiki, aka mayar da ita gidan jinya inda ake sake koya wa tsofaffi tafiya. Da sallama ta matso, sai wata ma'aikaciyar wurin ta kira 'yarta Charlene a waya.

"Mun je mun duba gidan," in ji matar. "Gida kam tsaf-tsaf. Sai dai kafet ɗin banɗaki ya tattare, ya yi tudu da kwari. Ƙarfen da za ta riƙa dogarawa zai sarƙe a ciki. A cire shi kafin ta dawo."

Charlene a gidan waya take aiki a Toledo, ta haura hamsin, aurenta ya mutu tun tuni. Ranar Asabar ta jefa wuƙar yankan kafet da safar hannu a mota, ta kama hanyar Dayton, garin da uwarta take, a ranta tana cewa aikin rabin yini ne.

Tun daga kan kwana ta hango yayanta Lonnie a kan injin yankan ciyawa irin wanda ake hawa, tumbinsa na girgiza, gwangwanin giya a ramin da aka yi masa a gefen kujera. Layi biyu ne tsakanin gidansa da na tsohuwar, kuma tun da ya bar aikin masana'anta ba shi da wata sana'a sai kula da farfajiyar gidan uwarsu. Ciyawar kore shar, an yanke ta layi-layi, an gyara bakinta kamar wanzami ya bi da aska. A tsakiya ga allon kwamitin unguwa an kafa, wai ita ce farfajiyar da ta fi kyau a watan.

"Ke, kada ki taka nan," in ji Lonnie kafin ta gama rufe ƙofar mota. "Yanzu na zuba taki."

"Sannu, Lonnie. Ni ma na yi kewarka."

"Bi ta kan siminti."

Ta bi ta kan siminti. Tana tura ƙofa sanyin kwandishan ya doke ta, ƙamshin kirfa da tuffa ya biyo baya. Duk ramin wutar da ke bango an soka masa kwalbar turaren ɗaki, ga kyandir masu ƙamshi a kan talabijin, a kan firji, har a kan matakala. A ƙarƙashin wannan ƙamshin akwai wani abu daban, mai nauyi, mai tsami-tsami, wanda Charlene ta daɗe da sani. Kullum takan ce ai tsufa ne, ai kare ne. Biskit yana kwance a kujerar tsohuwar, irin mai miƙewar nan da in ka ja hannunta ƙafafunka su ɗaga sama. Ya ɗaga ido ɗaya ya dube ta, ya ci gaba da lasar cinyarsa. Ta gwada buɗe tagar falo, ta ƙi. Sai ta tuna babansu ne ya bi tagogin gidan duka da fenti ya liƙe su, don kada sanyin kwandishan ya zurare.

Kafet ɗin banɗakin ruwan hoda ne, mai dogon gashi. Ya rufe ƙasa daga bango zuwa bango, ya hau gefen bahon wanka, ya rungume gindin masai. An shimfiɗa shi shekarar da Charlene ta shiga sakandare, kuma ba ta manta yadda ƙawayenta ke zuwa su cire takalma su nutsa yatsunsu a ciki ba. Yanzu gashin ya kwanta, ya koma launin danƙon da aka tauna aka tofar. A gaban masai an jera ƙananan dardumai, wata kan wata. Ta ɗaga ta sama, ta ɗaga ta biye. Ta ƙarshen ta manne, sai da ta fizga. A ƙarƙashinta ga tiren gasa biskit na tsohuwar a kife, ya yi tsatsa.

Charlene ta tsaya tana kallon tiren. Can ta sa ƙafa ta ture shi, ta durƙusa, ta kafa wuƙa.

Ba ma yanka aka yi ba. Kafet ɗin ya taso a hannunta kamar burodin da ya kwana a shayi. Soson da ke ƙarƙashinsa ya zama baƙin taɓo, yana bin safar hannunta. Sai warin ya taso gaba ɗaya, zarnin shekara arba'in, na babansu, na Lonnie, na kowane namiji da ya taɓa cin abinci a gidan ya shigo nan ya tsaya, haɗe da ruwan da ke tsatsafowa daga gindin masai. Wasu ƙananan ƙwari masu sheƙi suka watse suna neman duhu. A lungun bayan masai laimar kwaɗi ce ta tsiro, fara sol, har gida-gida. Ta danna katakon ƙasan da ƙotar wuƙa, ƙotar ta nutse kamar a ruɓaɓɓiyar gwanda.

Za ta miƙe, ta dafa masai. Masai ya karkato wajenta, ruwan cikinsa ya yi tangaɗi.

A nan ta gane ba santsi ne ya kwashe tsohuwar ba. Zama ta zo yi, ƙasa ta ba da kai.

Da ƙyar ta kai kicin. Ta kifa kai a wurin wanke-wanke ta amayar da kofin safe da duk abin da ta ci a hanya. Tana cikin kurkure baki Lonnie ya shigo da takalman aikinsa, takin na manne a ƙasansu, ya ratsa falo ta kan kafet, ya buɗe firji ya ciro burodi da yankakken nama.

"Me ya same ki? Ciki gare ki a waɗannan shekarun?"

"Wa ya sa tire a banɗaki?"

Ya shafa man ƙwai a burodin, bai ɗago ba. "Oho, wannan. Ƙasan ce ta ɗan yi laushi. Na ce zan duba in hunturu ya shigo, lokacin da ciyawa ba ta bukatar mutum."

"Wane hunturun?"

"Wanda ya wuce. Ko na gabansa. Ai tiren ƙarfe ne, Charlene, ya riƙe."

"Ya riƙe har ya karya mata ƙugu."

"Kada ki ɗora min." Ya nuna ta da wuƙar burodi. "Ita ta hana a kira kowa. Ta ce motar masu gyaran famfo ba za ta tsaya mata a ƙofar gida ba, Dolores ta tsallaken titi ta gani ta kai coci. Ke kina can Toledo, sai ki zo sau uku a shekara da fure. Ni nake nan. Ni nake yanka ciyawa, ni nake wanke bangon waje, ni nake kwashe ganye daga indararo. Duba gidan nan daga titi ki gaya min ko akwai kamarsa a layin."

"Zo ka duba shi daga banɗaki."

Ya zo, burodinsa a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa ya leƙa, ya ɗan yamutsa hanci, ya gatsa burodin. Abin da ya fi tayar wa Charlene zuciya ke nan a duk yinin, yadda ya tsaya a cikin wannan ɗoyin yana tauna.

"To, ba wani abu ba ne," in ji shi da cikakken baki. "A sa falanki mai kauri a sama, a shimfiɗa sabon kafet, a ƙara turare biyu. Kafin gobe da yamma mun gama. Ba ma za ta san an taɓa ba."

"Kitso da ƙwarƙwata ke nan."

"Ke dai kin cika son wahala."

Ya koma kan injinsa. Charlene ta ɗaure hanci da tawul ta ci gaba. Damshin ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga barandar da ke tsakanin ɗakuna, don haka ta bi shi. Can kuma ta tarar da aikin Biskit: daga sama kafet ɗin fes, an bi shi da injin shara har layukan na nan, amma bayansa taswira ce ta rawaya da ruwan ƙasa, zobe cikin zobe. Ledojin sharar gidan ba su iya ɗaukar komai ba, suna fashewa. Sai ta riƙa naɗe shi guntu-guntu tana ja, baƙin ruwa na ɗiga a bayanta, ta fitar ta ƙofar gaba. Tana iya ajiyewa a kan siminti. Ta jibge shi a tsakiyar ciyawar, dab da allon kwamiti.

Lonnie ya kashe injin ya sauko yana zage-zage, amma bai yarda ya taɓa tulin da hannunsa ba. Ƙudaje suka riga kowa zuwa. Bayansu sai ga Dolores Pruitt daga tsallaken titi, shugabar kwamitin unguwa, gashinta a kumbure kamar yanzu ta fito daga wurin gyara, ta riƙo kwanon taliya da cuku an rufe da takardar azurfa.

"Charlene, 'yar albarka, ya jikin Verna? Kullum muna sa ta a addu'a." Ta miƙa kwanon, idonta na kan tulin. "Ga ɗan abin taɓawa. Sai dai, ba don in dame ki ba, ranar Talata ake kwasar shara. Kin san dokar unguwa, ba a fitar da kaya gaban gida kafin daren Litinin. Kuma zai ƙona muku ciyawa."

"Shigo ki ga inda ya fito, Misis Pruitt. Ki ga abin da ƙawarki take takawa."

"A'a, a'a. Abin da ke cikin gidan mutum nasa ne. Mu waje muke dubawa." Ta rage murya kamar mai ba da sirri. "Ni ma ina da shi a nawa, kore. In ya fara 'yar tsami sai in barbaɗa masa hoda mai ƙamshi in bi da inji. Da kin tambaye ni ai da ba a kai ga haka ba."

Charlene ta dubi kwanon da ke hannunta, ta tuna a wane gida aka dafa shi. Ta yi godiya. Da matar ta juya, Charlene ta miƙa wa Lonnie kwanon, shi kuwa ya zauna a kan matakala ya cinye rabi.

Washegari bayan an taso daga coci ta je gidan jinya. Ta tarar da Verna a kujera kusa da taga, an gyara mata gashi, ta sa jan baki, bargo a kan gwiwa. Lonnie ya riga ya kira ta.

"Wa ya aike ki?" in ji tsohuwar.

"Su suka ce a cire, Mama."

"Sun ce a cire, ba su ce a yi min tallan gida a titi ba."

Charlene ta ja kujera ta zauna. Ta gaya mata komai, taɓon, ƙwarin, laimar kwaɗin, katakon da ya ruɓe har ginshiƙan ƙasa. Verna tana saurare tana gyara bakin bargo.

"Shekara da shekaru kina shaƙar fitsari, Mama. Kina taka shi da ƙafa ba takalmi."

"Ni ban taɓa jin komai ba. Gidana ƙamshin kirfa yake yi, kowa ya shigo sai ya faɗa."

"Kin san ƙasan ta ruɓe."

Da tsohuwar ta buɗe baki, muryarta ta koma irin ta mutanen tsaunin da ta fito.

"Ke ba ki san katako ba. A gidan da aka haife ni a Kentucky, gidan kamfanin haƙar kwal, in kika duba ƙasa ta tsakanin katakai sai ki ga kaji na kiwo a ƙarƙashinki. Da hunturu iska ta nan take shigowa. Masai kuwa yana can bayan gida, sai kin ratsa ƙanƙara. Uwata ta goge katakon nan da toka har hannunta ya tsattsage, bai hana a kira mu ƙazamai a makaranta ba. Ranar da babanki ya kawo masu shimfiɗa kafet, na ce su sa har banɗaki. Mutumin ya ce, 'Madam, ba a cika sa wa nan ba.' Na ce a nawa za a sa. Na yi wa kaina alkawari ƙafata ba za ta sake taka sanyi ba har in mutu."

Charlene ta taɓa jin guntayen labarin, amma ba ta taɓa jin sa a haɗe haka ba. Zuciyarta ta yi sanyi. Ta kai hannu za ta kama na uwar, sai tsohuwar ta ce, "Wa ya gani?"

"Me?"

"Da kika zubar a waje. Wa ya gani?"

"Dolores."

Verna ta janye hannunta ta juya fuska ga taga. "Da kin bar ni na mutu a kansa, da ya fi min."

Charlene ta ɗauki hutu daga aiki. Ta kawo kafinta da mai gyaran famfo, motocinsu suka yi kwanaki a ƙofar gida, da manyan rubutu a jikinsu, duk wanda ya wuce sai ya rage tafiya. Suka fasa ƙasan, suka canza ginshiƙai, suka kafa sabon masai, suka shimfiɗa tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, suka ɗaura ƙarafan kamawa a bango. Ita da kanta ta bi tagar banɗakin da wuƙa ta yanke fentin, ta buɗe ta. Duk tsawon aikin Lonnie bai leƙo ba. Yana waje a durƙushe a kan tabon rawayar da tulin ya bari, yana yayyafa masa iri da ruwa kamar mai jinyar jariri. Kwamiti ya zo ya cire allonsa, ya kai gidan da ke kan kwana.

Ranar da aka dawo da Verna, ta tura ƙarfenta a hankali har bakin banɗakin. Ta dubi tayil, ta dubi ƙarafan, ta dubi tagar da ke buɗe.

"Kamar na tashar mota," in ji ta. "Rufe min tagar nan, kina fitar min da sanyi."

Charlene ta koma Toledo. Duk Lahadi takan kira, tsohuwar ta ce lafiya lau, tafiya na ƙara kyau, Biskit ya ƙi cin sabon abincinsa. Ba wanda ya sake tayar da zancen banɗaki.

Sai ƙarshen Nuwamba ta dawo, ranar bikin godiya da iyalai ke taruwa duk shekara. Gida ya cika: Lonnie da matarsa Patrice, 'yarsu da mijinta, da wani abokin Lonnie na masana'anta da ba shi da inda zai je. Mazan suna falo tun hantsi, ƙafafu a sama, ƙwallo a talabijin, gwangwanaye na taruwa a gefen kujeru. Talo-talo na cikin murhu. Verna ta tare ta a baranda, yanzu da sanda kawai take tafiya, fuskarta sai walƙiya take.

"Cire takalmanki," in ji ta. "Zo ki ji wani abu."

Charlene ta cire, ta bi ta da safa. Tsohuwar ta tura ƙofar banɗakin.

Shuɗi ne wannan karon, kalar sararin sama, gashinsa ya fi na da tsawo. An manna shi a kan tayil ɗin da gam, bango zuwa bango, ya hau gefen baho, ya rungume gindin masai. Har murfin masan an sa masa hula mai gashi. Tagar an rufe ta, an bi ta da leda da salatif.

"Ni na shimfiɗa," Lonnie ya ɗaga murya daga falo. "Yini ɗaya. Ba kafinta, ba kowa."

"Shiga mana," in ji Verna. "Taka ki ji."

Ta shiga, don ba ta ga yadda za ta ƙi ba. Laushi kam akwai shi. Taku biyu ta yi, a na ukun, dab da masai, ta ji sanyin damshi ya ratsa safarta ya taɓa tafin ƙafarta. Daga falo aka yi ihun cin ƙwallo, wani ya buɗe sabon gwangwani.

Charlene ta fito a kan dunduniya. Ta zare safar da yatsu biyu ta jefa a kwandon shara, ta zura ƙafa a takalmi haka nan, ta ɗauki makullin mota. Dama tun a hanya fitsari ya matse ta. Ta tuƙa har gidan man da ke bakin babban titi, ta karɓi makullin banɗakinsu. Siminti ne tsirara, da magudana a tsakiya, yana warin maganin wanke ƙasa. Ta ɗaga ƙafa ta wanke a famfo da sabulun hannu, ta sake wankewa, sannan ta yi abin da ya kawo ta.

Da ta dawo an riga an zauna a tebur.

"Ina kika je?" in ji Verna.

"Ƙanƙara na je nema."

"Firjina yana yin ƙanƙara da kansa." Tsohuwar ta dube ta, ta dubi hannunta da babu komai, ta dubi ƙafarta ɗaya da babu safa. "Ke dai tun kina yarinya gani kike kin fi mu. Zauna, Patrice za ta yi addu'a."

Ta zauna. Aka kama hannu aka yi addu'a, aka gode wa Ubangiji da ya tashi kafaɗun Mama, ya kuma ba su rufin kai mai ɗumi. Lonnie ya yanka talo-talo. Da ya gama cin nasa ya sauke farantin ƙasa, Biskit ya lashe shi tas, Patrice ta ɗauka ta ɗora a kan sauran. Charlene ta ci ɗan burodi, ta ce cikinta ne ba daɗi.

Verna ta ƙara shekara huɗu a gidan, kuma ba ta sake faɗuwa ba, don ginshiƙan sababbi ne, ƙarafan bango kuma ta riƙa kama su ko da ba ta taɓa yabawa ba. Charlene ta ci gaba da zuwa, har ta fi da yawan zuwa, tana kai ta asibiti, tana yanke mata farce. Amma ba ta sake taka banɗakin ba. Takan tsaya a gidan mai kafin ta iso, ta kuma ƙi shan komai sai za ta tafi. Tsohuwar ta lura.

Bayan rasuwarta suka sa gidan a kasuwa. Charlene ta ce a cire kafet ɗin kafin masu saye su fara zuwa, Lonnie ya ce a bari, dillaliyar kuma ta goyi bayansa, ta ce dai a gasa biskit a murhu da safen ranar don gida ya ɗauki ƙamshi. Wasu matasa ne suka saya, mata da miji, matar da tsohon ciki. Ranar ba da makulli Charlene ta ja ta gefe ta gaya mata akwai tayil mai kyau a ƙarƙashi, sabo, ɓamɓare shuɗin kawai za a yi. Matar ta yi murmushi ta gode, ta ce za su duba, amma gaskiya laushin ne ya ja hankalinsu, ga jariri na tafe, zai samu wurin rarrafe in tana wanka.